YA DA ZANGO: WAƘA DA SHARHINTA A KAN ZANGO DA GIDA

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya tsaga hanyoyi a cikinta, Ya sanya dare domin sauka, safiya domin tashi. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, waɗanda suka yi hijira da waɗanda suka sauke su. Allah Ya ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijjani da halifofinsa, Ya amfane mu da albarkarsu, amin.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, dalilin wannan 'yar waƙa da sharhinta shi ne, wata ranar Juma'a bayan an tashi daga zikiri a zawiyarmu ta nan Paraku, waɗansu samari biyu, wa da ƙane, suka biyo ni har zaure. Daga Jugu suka zo. Mahaifinsu ya rasu, Allah Ya jiƙansa, ya bar gida guda, da tsohuwa a cikinsa, da 'ya'ya mata uku bayan su biyun. Wan ya ce, "Allah gafarta Malam, ni dai a sayar da gidan nan, kowa ya ɗauki rabonsa, in koma gida Kano. Mu nan baƙi ne, 'yan zango ake ce mana. Kwanan baya ma wani ya faɗa mini haka ido da ido a wani ofis." Ƙanen ya ce, "Allah gafarta Malam, a tambayi Yaya ko ya taɓa taka Kano. Ni ban san wani gida ba sai wanda aka binne cibiyata a bayan ɗakinsa."

Da na saurare su sai na ga kafin a raba gado dole a raba musu kalmomi biyu, watau zango da gida, domin a kansu suka saɓa, kuma ƙarshen wannan saɓani shi ne ko tsohuwa ta cika kwanakinta a ɗakinta ko ta cika su a haya. Na ce su ba ni mako guda. A cikinsa na tsara waɗannan baitoci 11, na bi su da bayani gwargwadon abin da Allah Ya sanar da ni. Da Allah nake neman dacewa.

FASALI NA FARKO

Da sunan Ta'ala nake buɗe baki,
Gwanin nan da Yai duniya tamu zango.

Salati ga Manzo, abin koyi namu,
Ginin gaskiya, shi kaɗai ne fa jigo.

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, zango a asalin Hausa shi ne wurin da ayari ke sauka idan rana ta yi, a sauke wa jakuna kaya, a ɗora tukunya, a kwana. Shi ya sa ake cewa an ya da zango. Ana kuma kiran tafiyar da ke tsakanin sauka da sauka zango, har a ce daga gari kaza zuwa gari kaza zango uku ne, ko a ce ayari ya ci zango. Daga nan ne 'yan makarantar boko suka ari kalmar, suna cewa zangon karatu na farko da na biyu. To ka ga kalmar tana ɗauke da abu biyu a lokaci guda, hutawa da kuma sauran tafiya. Ba a ce da wuri zango sai in akwai gaba.

Amma gida kalma ce mai faɗi. Ana nufin gini da ita, ana kuma nufin mutanen da ke cikin ginin, kamar yadda ake gaisuwa a ce ina gida, alhali ba lafiyar katanga ake tambaya ba. Ana nufin zuriya da ita, a ce wane ɗan gidan malamai ne, ko ɗan gidan sarauta. Daga gare ta aka sami maigida da uwargida da ɗan gida. In mutum ya rasu a ce ya riga mu gidan gaskiya. Gidan da mutanensa suka watse kuwa sunansa ya sāke, ya koma kango, ko da rufinsa bai faɗi ba. Wannan ya nuna maka abin da ke mai da gini gida shi ne mutane da haƙƙoƙin da ke tsakaninsu.

Larabci ma haka ya rarrabe. Manzili daga sauka aka cire shi, shi ne masauki a harshenmu. Maskani daga natsuwa aka cire shi, watau inda zuciya da jiki ke kwanciya. Waɗani kuma shi ne inda mutum ya zauna da niyyar dawwama, kuma a kansa malaman fiƙihu suka gina hukunce-hukunce, kamar yadda bayani zai zo in Allah Ya so.

FASALI NA BIYU

Fatake na Gwanja da jakai da kanwa,
Su kwana a Zugu, su ratsa ta Togo.

Waɗansu su ce gobe ne za mu tashi,
Ashe bukka ta zamto soro da bango.

Wannan ishara ce zuwa ga yadda kakanninmu suka zo ƙasar nan. A ƙarni na 19 ayarin goro yakan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, da madugu a kansa, jagaba yana gaba. Cikinsu akwai Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Su ƙetare Kwara, su shigo ƙasar Bargu, su bi ta Nikki da Paraku, su sauka Jugu, wadda fatake ke kira Zugu, sa'an nan su ratsa ƙasar da yau ake kira Togo har su kai Salaga ta ƙasar Gwanja. Suna kai kanwa da tufafin rini da fatu, su komo da goro. Zuwa da komowa takan ci watanni masu yawa, wani lokaci ta kai shekara.

A Jugu sarki yana zaune a Kilir, fatake da malamai kuwa suna unguwar Wangara, da shugabansu mai sarautar Baparape, wanda ke tsakaninsu da fada. A Paraku ma akwai wannan sarauta. Harshen kasuwa a garuruwan biyu ya zama Dendanci, har jikokin Hausawa da Barebari da Wangarawa da yawa suka tashi da shi a bakinsu. Kowane falke yana da maigidansa a gari, wanda zai sauke shi, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an ci bashi. Ka lura da wannan suna, domin a cikin zango ne aka fi jin kalmar maigida, kuma maigidan nan sau da yawa shi ma baƙon jiya ne, ko ɗan baƙon shekaranjiya.

Ba wanda ya taso daga Kano da niyyar a binne shi a Jugu. Wani ciwo ne ya kwantar da shi ayari ya wuce. Wani jakunansa suka mutu. Wani aure ya riƙe shi, wani kuma almajirai suka riƙe shi. Kada mu ɓoye gaskiya, akwai kuma waɗanda aka kawo su cikin bauta ba da son ransu ba, kuma jikokinsu yau suna da haƙƙin garin daidai da na kowa. Sa'an nan hanyar da kanta ta lalace. Ingilishi suka ci Kumasi a 1874, yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, goro ya koma bin teku zuwa Ikko. Mutanen Salaga suka bazu, cikinsu har da babban malami Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete Karachi ya rasu a can a 1934. A shekarun 1930 jirgin ƙasa daga Kwatano ya iso Paraku, tafiyar kilomita 438, garin ya zama inda ake sauke kayan Nijar daga jirgi a ɗora wa manyan motoci, sai wani sabon ayari ya zo, na direbobi da 'yan dako da mahauta da dillalan shanu. Bukkokin da aka kafa domin dare guda suka zama soraye, amma sunan bai sāke ba. Haka aka yi a Kumasi da Akra da Lome da Kwatano, kai har a arewacin Nijeriya akwai Zangon Daura da Zangon Katab, garuruwa ne sosai masu kasuwa da maƙabarta. Saboda haka suna yana ba da labarin farkon wuri, hukuncinsa na yau kuwa sai a tambayi shari'a.

FASALI NA UKU

Gidanka wurin nan da kac cika salla,
A nan kay yi niyya, a nan kaz zam ango.

Wurin da ake Jumma'a ya zamo fa
Gari, babu shakka, ciki babu togo.

Togo a wannan baiti ma'anarsa keɓe wani abu daga hukunci. Wannan fasali shi ne zuciyar magana, sai a natsu.

A mazhabar Imamu Malik, Allah Ya yarda da shi, matafiyi yana ƙasaru idan tafiyarsa ta kai baridi 4, watau mil 48, ya mai da salla mai raka'a huɗu biyu. Tsakanin Paraku da Jugu ya fi kilomita 130, saboda haka ƙasaru ta inganta a cikinsa. Idan matafiyi ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a wani wuri, hukuncin tafiya ya yanke, sai ya cika. Wannan yana cikin Risala, ƙananan almajirai ma sun san shi. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu da sharhohinsa an ƙara bayani cewa shigar mutum waɗaninsa tana yanke ƙasaru ko da wucewa zai yi, haka nan shigarsa garin da matarsa take, wadda ya riga ya tare da ita. An kuma bayyana cewa wanda ya bar wani gari da niyyar ya daina zamansa, garin ya fita daga wannan hukunci.

To ka auna. Shari'a ba ta tambayi inda kakanka ya fito ba, ba ta tambayi harshen da kake yi ba. Ta tambayi inda ka ƙulla niyyar zama da inda iyalinka suke. Garin kaka da ba ka taɓa zama a cikinsa ba yana da haƙƙin zumunci a kanka, amma in ka shige shi matafiyi ne kai.

Wannan ni na ɗanɗana shi da kaina. Kakana daga Kano ya zo, a Jugu aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni. Tun ina yaro nake jin ana cewa gida Kano, gida Kano. Da na kai shekara ashirin da 'yan kai na tafi neman dangi a cikin birni, na same su, suka karɓe ni da mutunci, Allah Ya saka musu da alheri. Amma a ɗakin baƙi aka sauke ni, yara suna leƙowa suna cewa ga baƙon Dahome, suna dariyar Hausata. Kwana uku na yi niyya, saboda haka da na tashi yin Azahar ni kaɗai raka'a biyu na yi. Ina sallamewa sai hawaye suka zo mini, domin na gane na yi ƙasaru a inda nake kira gida, kuma ban taɓa yin ƙasaru a inda nake kira zango ba.

Wanda ya fi wannan girma shi ne abin da ya tabbata a tarihin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Makka ce mahaifarsa, kuma ita ce mafi soyuwar ƙasa a gare shi. Amma bayan hijira, da Allah Ya buɗe masa ita a shekara ta 8, ƙasaru ya yi a cikinta, sa'an nan ya koma Madina, a can ya cika, a can kabarinsa mai daraja yake. Son mahaifa bai fita daga zuciyarsa ba, amma mazauni ya zama Madina. Shehunmu Ahmadu Tijjani a Ainu Madi aka haife shi a 1737, a Fas ya zauna ya kafa zawiya, a can ya rasu a 1815, kuma ba wanda ke cewa baƙo ne a Fas. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bar Degel a 1804, ya rasu a Sakkwato a 1817, garin da aka gina a zamaninsa.

Sai batun Juma'a. Malamanmu sun shar'anta cewa ba a tsai da ita sai a wurin da mutane suka zauna zaman dawwama, ko da gidajensu bukkoki ne, ban da masu tantuna da ke tashi. Sun kuma shar'anta mazaje 12 daga mazauna garin, waɗanda za su tsaya tare da liman har a sallame. Baƙon da ya yi niyyar kwana 4 Juma'a ta wajaba a kansa, amma ba a ƙirga shi a cikin 12 ɗin nan. To ya kai mai cewa mu duka baƙi ne a nan, da wa aka ƙulla Juma'ar da kake yi tun kana yaro? In maganarka gaskiya ce to sallolin unguwa sun shiga shakka, in kuwa Juma'armu ta inganta, kuma ta inganta, to ka shaida da goshinka cewa nan gari ne, kai kuma ɗan gari ne.

FASALI NA HUƊU

Mutum ya fake wai da sunan baƙunci,
Ya ƙi taimakon unguwa tasa, raggo!

Wani zai ce, "Malam, ai an hore mu da zama a duniya zaman baƙo, kamar yadda ya zo a hadisin Abdullahi ɗan Umar." Amsa ita ce, gaskiya ne, amma baƙuncin da ake nufi na zuciya ne, watau kada ta rataya da abin da zai ƙare. Ba a nufin hannu ya daina aiki. Wanda ya faɗi wannan horo shi ne wanda ya ɗauki tubali da hannunsa mai albarka wajen ginin masallacin Madina, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru, ya rubuta yarjejeniya da maƙwabta. Abdurrahmani ɗan Aufu da ya iso Madina ba shi da komai, ɗan'uwansa na Ansaru ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa kasuwa ya nemi a nuna masa. Haka baƙuncin sahabbai yake.

Mu kuwa mun juya abin. Zuciya ta yi gida a duniya, hannu kuma ya zama baƙo. Za ka ga mutum ya shekara arba'in a unguwa, kwata ta toshe a ƙofarsa, in an ce a fito a gyara sai ya ce ai mu baƙi ne. Ba ya zuwa taron unguwa, bai yanka wa 'ya'yansa takardar haihuwa ba, bai yi wa gidansa takarda ba, bai koyi gaisuwa da harshen maƙwabcinsa ba, ko Bargawa ne ko Yom ko Lokpa ko Nago. Amma ran da za a raba riba ba ya cewa shi baƙo ne. Wannan ba zuhudu ba ne, ragwanci ne aka naɗa wa rawani.

Kuma wannan sakaci yana da ranar biya. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fita. Ina yaro a lokacin, na ga waɗansunsu sun sauka a zauren mahaifina da tabarmi da tukwane, cikinsu akwai waɗanda a zangon Kumasi aka haife su, suna tafiya ƙasar da ba su taɓa gani ba. A 1977 aka rushe tsohon zangon Lome, aka mai da mutanensa bayan gari. Saboda haka ina yi wa 'yan'uwa nasiha, ɗaure raƙumi ba ya warware tawakkali. Ku nemi takardun 'ya'yanku da na gidajenku, ku sa yara karatun allo da na boko, ku shiga cikin abin da ya shafi gari, ku zama masu amfani ga maƙwabta, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, domin haƙƙin maƙwabtaka bai keɓe kowa ba.

FASALI NA BIYAR

Ya kai ɗan gari, kar ka kori maƙwabci,
Garin da ya ƙi baƙi ya zamto kango.

Wannan baiti ga ɗaya ɓangaren yake, kuma mu ma muna cikinsa. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, watau wancan rana na fitowa ya bushe, wannan kuwa saiwarsa na ƙasa. Maganar ta dace da baƙon kwana uku. Amma wanda kakansa ke kwance a maƙabartar gari, in ka ce masa raɓa ka yi ƙarya, in kuma ka faɗa don ka wulaƙanta shi ka haɗa ƙarya da zalunci. Paraku da Jugu da saukar baƙi suka girma, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne ga wanda ya san tarihinsu.

Duniya kuwa rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A ƙarshen 1963 Nijar ta sallami mutanen Dahome da ke aiki a can, lokacin rigimar tsibirin Lete. A 1969 Gana ta kori mutanen Nijeriya da na Nijar da waɗansunsu. A 1983 Nijeriya ta kori mutanen Gana da sauran baƙi. A 2023, bayan juyin mulkin Nijar, aka rufe iyaka tsakanin Malanbil da Gaya, manyan motoci suka yi layi da kaya a kansu, 'yan'uwan juna suka tsaya kogi na tsakaninsu. Duk wanda ya kori wani yau, gobe ɗansa na neman masauki a wani wuri.

Mu 'yan zango kuma mu binciki kanmu. Yaron da ya sauko daga mota jiya, daga Dosso ko Maradi ko Zamfara, yana tallan shayi ko gyaran takalmi, yaya muke kiransa, kuma a ina yake kwana? Allah Ya sanya matafiyin da guzurinsa ya yanke cikin kashi 8 na masu cin zakka, a cikin Suratut Tauba. Liyafar baƙo ta kwana uku sananniya ce a sunna. Zauren kakanninmu ba a rufe shi, da haka suka sami sunan maigida. In muka rufe namu, mun ci gadon suna mun bar gadon aiki.

FASALI NA SHIDA

Muridi, idan ka ga haske a hanya,
Ka gode, ka tashi, ka ninke fa bargo.

Kushewa da kanta masaukin dare ce,
Da an busa ƙaho a bar wanga kogo.

Yanzu sai mu koma ga baitin farko, inda aka ce duniya zango ce. Kada ka ga kamar mun warware abin da muka ƙulla. Ta fuskar haƙƙin bayi, inda ka zauna gidanka ne, za a tambaye ka a kansa. Ta fuskar tafiya zuwa ga Allah kuwa, Kano zango ce, Jugu zango ce, Makka da kanta mahajjaci yana yi mata ɗawafin bankwana. Ɗan Adam ya sauka a bayan uba, ya tashi ya sauka a cikin uwa, ya tashi ya sauka a duniya, zai tashi ya sauka a kabari, a tashe shi zuwa filin tsayuwa. Ba a kiran ko ɗaya daga cikin waɗannan gidan dawwama. Saboda haka wan da ke cewa mu baƙi ne ya faɗi gaskiya, sai dai ya ɗauka baƙuncin zai ƙare in ya isa Kano, alhali ba zai ƙare ba sai an shiga Aljanna.

Ma'abota tarbiyya sun yi amfani da wannan kalma a kan hanyar zuciya. Shehu Abdullahi al-Ansari na Hirata, wanda ya rasu a shekara ta 481 bayan hijira, ya kasa hanyar masu tafiya zuwa ga Allah manzili 100 a cikin littafinsa Manazilus Sa'irina, ya fara da farkawa daga gafala, tuba na biye da ita. Kowane manzili zango ne, yana da ladabinsa. Wanda bai sauka ya cika haƙƙinsa ba ba zai iya na gaba ba, wanda kuma ya ji daɗinsa ya ƙi tashi ayari ya bar shi. Sau da yawa muridi zai sami ɗan haske a wuridi, ko mafarki mai kyau, ko mutane su fara sumbatar hannunsa, sai ya kafa bukka a nan ya ce ya iso. Shehu shi ne madugu, aikinsa ya tashe ka da asuba. Falke na ƙwarai yana share wurin da ya sauka, ya biya mai masauki, ya kashe wutar da ya hura, kuma bai kwance damarar tafiya ba. Wannan shi ne zaman mumini a duniya.

FASALI NA BAKWAI

Ilahi Ka kai mu gidan nan na ƙarshe,
Gidan babu tashi, ciki babu zango.

Da mako ya cika samarin suka komo, na karanta musu abin da ya gabata. Na ce da wan, "Ɗana, rabonka haƙƙinka ne, ba mai hana ka. Tsohuwa tana da tumuni, saura a raba muku, namiji rabon mata biyu. Amma ka sani a gidan da ba a raba ba, in ka sayar da rabonka ga bare, abokan tarayyarka suna da haƙƙin shufu'a, su biya kuɗin su karɓe. To tun da haka ne, a kira masu sanin daraja su ƙiyasta gidan, ƙanenka da 'yan'uwanka mata su biya ka a hankali, a rubuta, a sa shaidu. Kada a ɗaga tsohuwa daga ɗakin da aka kawo ta tana amarya. Ita ba ta da wata Kano, a Jugu aka haifi iyayenta, kuma biyayya gare ta ta fi maka kowace tafiya. In kana son Kano ka je, ka sada zumunci, ka yi karatu, ka ga inda kakanka ya fito. In Allah Ya zaunar da kai a can har ka ƙulla niyya, to ta zama gidanka, ka riƙe haƙƙinta. Amma kada zagin wani jahili a ofis ya fitar da kai daga abin da shari'a ta tabbatar maka."

Na ce da ƙanen, "Kai kuma kada ka yi wa wanka dariya. Kewar asali ba aibi ba ce, kuma kowa ya bar gida gida ya bar shi. Ka koya wa 'ya'yanka Hausa tare da Dendanci, ka sanar da su sunayen kakanninsu, ka bar zauren mahaifinku a buɗe."

Wan ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Allah gafarta Malam, sai na yi shawara da Inna." Na ce wannan shi ne farkon dacewa. Suka yi sallama suka kama hanyar Jugu, na kuwa tuna musu cewa a kan hanya su yi ƙasaru, in sun shiga gari su cika.

Abin da ke daidai cikin wannan daga Allah yake, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina roƙon malamai su gyara. Allah Ya jiƙan kakanninmu da suka kwanta a kan hanyar Gwanja, da waɗanda suka sauke su. Allah Ya zaunar da garuruwanmu lafiya, Ya haɗa kan mazaunansu, Ya sa mu cika da imani. Allah Ya yi daɗin tsira ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya, amin.

Tammat bi hamdillahi.